Zan yi tafiyar wata guda, a ina zan bar muzuruna?

Anti barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema. Tafiya ce ta taso mana ni da maigidana, za mu yi kusan wata ɗaya, saura sati shida mu tashi. Ina da mage, namiji ne, shekararsa 4, tun yana ɗan mitsitsi yake hannuna kuma bai taɓa kwana a wani waje ba. Yana da ƙiba sosai ga tsoro, ko baƙo aka yi sai ya shige ƙarƙashin gado. Na samu wurare biyu masu karɓar ajiyar dabbobi. Na farkon sabo ne, hotunansu a Instagram gwanin kyau, amma da na je sai suka ce ba sa barin kowa ya shiga ciki, in kawo shi kawai. Na biyun tsohon gini ne ba wani kyau, suna ajiye karnuka ma, kuma matar da na tarar ta ishe ni da tambayoyi har ta ce ba za su karɓe shi ba sai da katin rigakafi. Maigida kuma cewa ya yi in zuba mai abinci da ruwa mai yawa mu rufe gida, ai mage tana iya kula da kanta. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Ya zan yi?

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma wannan rashin kwanciyar hankalin naki yana kan hanya, kar ki bari a sa ki ji kamar kin cika zaƙewa a kan dabba. Bari in fara da maganar maigida tunda ita ce ta fi sauƙin amsa: a'a, ba za a rufe shi a gida wata guda ba, ko sati ɗaya ma ban yarda ba. Na san ba da mugunta ya faɗa ba, mutane da yawa haka suka ɗauki mage, amma ruwa yana kifewa, wanda bai kife ba ya lalace, kwanon yashin da yake kashi a ciki kwana kaɗan zai cika ya daina shiga, kuma duk waɗannan ƙananan matsaloli ne in aka haɗa da abu biyun da zan faɗa miki yanzu, waɗanda nake so ki zaunar da maigida ki yi mai bayaninsu cikin natsuwa, dan ina kyautata zaton in ya ji zai sauya magana da kansa.

Na farko, mage in ta tsorata ko ta shiga damuwa abinci take fara dainawa, kuma jikin mage ba ya jure yunwa kamar na kare. In ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba jikinta sai ya fara kwaso kitsen da ya tara yana turawa hanta dan a samu ƙarfi, hantar kuma ba ta iya sarrafa shi da saurin da yake zuwa, sai kitsen ya cushe ta ta kasa aiki, ki ga idanu da dasashi sun yi ɗorawa, ga amai ga kasala, kuma yana kisa in ba a kai asibiti da wuri ba. Wanda wannan ciwon ya fi kamawa shi ne mai ƙiba, irin naki kenan. Mutane sukan ce ai yana da jiki zai jure, alhali ƙibar ce ma haɗarin. Na biyu, shi namijin mage hanyar fitsarinsa siririya ce sosai, damuwa tana iya sa mafitsara ta kumbura hanyar ta toshe, ka gan shi yana ta zirga-zirga zuwa kwanon yashi yana yunƙuri yana kuka ba abin da ke fita, ko ɗigo kaɗan da jini, wanda bai sani ba sai ya ce kashi ne ya yi mai tauri. Wannan ba ya jira, kwana ɗaya zuwa biyu ƙoda ta fara lalacewa, guba ta taru a jini, a wayi gari an rasa shi. Muzuru mai ƙiba, matsoraci, zaunannen cikin gida, duk alamun da likitocin dabbobi ke sa wa ido kenan a wannan matsalar.

To kin ga ke abin da kike nema ba wuri mai kyan fenti ba ne, mutum kike nema wanda zai lura ranar da muzurunki bai taɓa abincinsa ba, wanda in ya zo kwashe yashi da safe bai ga alamar fitsari ba gabansa zai faɗi ya ɗauki waya. Da wannan ma'aunin za ki auna wuraren nan biyu, da duk wani na uku da za ki gano nan gaba.

Wuri na farko ni dai na cire shi, sai in sun canza magana. Akwai ƙa'idoji masu ma'ana da wurin kirki zai iya sa miki, a ce ki zo a lokaci kaza dan kar a tayar wa dabbobi da hankali, ko a ce kar ki taɓa kowace mage, ko a ba ki abin wanke hannu ki taka ruwan magani kafin ki shiga, duk wannan ma alamar sun san aikinsu ne. Amma a ce sam ba za ki ga inda dabbarki za ta kwana wata guda ba, ki miƙo ta ta ƙofa ki juya, wannan ban ga hujjarsa ba. Hoto ai ɗaki ɗaya ake gyarawa a ɗauka, kuma hoto ba ya wari ba ya ƙara. Ki sake kiransu sau ɗaya ki ce kina so a sa miki lokaci ki ga ainihin ɗakin da za a sa shi, in suka sake kewaye-kewaye ki yi musu godiya ki rufe babinsu.

Ita kuwa matar da ta ishe ki da tambayoyi, wallahi da na karanta wajen sai na ji daɗi. Tambayar da ta yi miki ita take yi wa duk wanda ya kawo dabba, katin da ta ce sai kin kawo shi ta nema a wajen masu magen da za ta kwana kusa da naki, ma'ana tsaurin nata muzurunki yake karewa. Wurin da zai ce kawo kawai ba komai, haka ya ce wa wanda ya kawo mage mai majina jiya. Dan haka zuciyata ta fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗi babba guda, wato maganar karnukan nan. Mage tana jin ƙarar da kunnenmu ba ya kaiwa, ga hanci, kuma ɗakin da karnuka suka haɗu suna haushi ƙararsa tana iya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, matsoracin mage a irin wannan wajen ba zai ci ba ba zai yi barci ba. In ɓangaren maguna gini ne daban, ko a ƙalla akwai bango da tazara yadda ba sa ganin karnuka kuma haushin daga nesa yake zuwa, to ba laifi. In kuwa keji ne a ɗaki ɗaya, kare a ƙasa mage a sama, duk kirkin matar nan ki haƙura ki nemi wani wurin.

Ki koma ki gani da idonki, kuma ki je a lokacin da suke tsakiyar aiki. Kina shiga ki fara sauraren hancinki, wurin dabbobi dole ya ɗan yi warin dabba, amma zarnin da ke hawa kai har ido ya yi yaji yana nufin ba a kwashewa a kan kari ko iska ba ta zagayawa, haka shi ma ƙamshin turare mai yawa da aka fesa ki tambayi kanki me ake rufewa. Ki tsaya ki kalli magunan da ke ciki, su ne za su gaya miki gaskiyar wurin, wasu za su ɓuya dan baƙuwa ce ke wannan ba komai, abin dubawa shi ne akwai masu atishawa ko ido na ruwa a cikin masu lafiya, kwanonin ruwa cike suke ko sun bushe, abincin jiya yana nan ƙudaje na bi. Tsakanin ɗaki da ɗaki ya kamata a samu bango ko gilashi ko wani abu toshasshe, ba raga zalla ba, saboda murar maguna ta atishawa take tsallakawa. Kowane ɗaki a samu wurin ɓuya ko da kwali ne, da ɗan dandamali a sama da zai hau, mage in ta samu inda za ta lafe ta leƙo duniya daga sama rabin tsoronta ya tafi. Kwanon yashi kar ya zama manne da na abinci. Ki duba ƙofa, wurin da ya san maguna ƙofa biyu yake yi, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, dan mage a firgice ta tsakanin ƙafafu take sulalewa, kuma wanda ya ɓace a unguwar da bai sani ba samunsa sai an sha wuya. Ki tambaya ina suke kai wadda ta kamu da ciwo, ya kamata a ce akwai ɗakin keɓewa daban. Sannan in suka ce miki suna sakin magunan gidaje daban-daban su yi wasa tare dan kar su yi kaɗaici, ki ce naki dai kar a haɗa shi da kowa, mage ba ta neman ƙawaye a baƙon wuri, faɗa da cuta kawai haɗin ke jawowa.

Akwai abu ɗaya da nake so ki roƙa a nuna miki, takardar da suke rubuta bayanin kowace dabba kullum, ta ci ko ba ta ci ba, ta sha ruwa, ta yi fitsari, ta yi kashi. Wasu a jikin ƙofar ɗakin suke maƙala ta, wasu a littafi ko a waya. In akwai ta kuma kika ga an cike ta har ta safiyar ranar, to kin samu masu lura. In aka ce miki ai muna sane da kowa a ka, ki tuna ma'aikacin safe daban na yamma daban, kowa zai ɗauka ya ci a hannun ɗayan, a haka ake kwana uku ba wanda ya farga.

Daga nan sai tambayoyin da ba a so a yi amma dole ne. Wa ke kwana a wurin, ko kullewa ake yi da yamma sai gobe? In ba mai kwana, ƙarfe nawa ake duba su na ƙarshe, ƙarfe nawa ake buɗewa? Wane likitan dabbobi suke kira, kuma in abu ya faru da tsakar dare ko ranar hutu ina za su nufa, da wace mota? Awa nawa mage za ta yi ba ta ci ba kafin su kira ki? Amsar da nake so ki ji ita ce cikin awa 24 za su sanar da ke su fara dabara, in ya doshi kwana biyu likita za a kira. Ki kula da yadda ake amsa miki ma, wanda ya saba da aikin ba ya jin haushin irin wannan tambayar, nan take zai ba ki amsa har da ƙarin da ba ki tambaya ba. In a inda kike hukuma na ba irin waɗannan wuraren lasisi ki ce a nuna miki, misali a Ingila doka ta ce sai da lasisin ƙaramar hukuma kuma tun 2018 ana ba su tauraro daga 1 zuwa 5, amma a wurare da yawa ba mai duba su, ke ce mai dubawar.

Duk abin da kuka yi magana a kai a rubuta a sa hannu. Ki rubuta musu izinin kai shi asibiti ba sai sun same ki ba in abin gaggawa ne, da iyakar kuɗin da za su iya kashewa kafin su ji daga gare ki, dan in kina cikin jirgi ko inda ba sabis kar a zauna jiran ki ɗaga waya muzuru na mutuwa. Ki ba su lambar mutum ɗaya da ba ya tafiya, wanda zai iya yanke hukunci a madadinki kuma ya iya zuwa ya ɗauke shi in ta kama, kuma ki gaya wa mutumin tun yanzu, kar ya ji kira daga sama. Ki tambayi yadda za a yi in dawowarku ta ɗaga da 'yan kwanaki.

Maganar rigakafi kuwa gobe-goben nan ki kai shi wajen likita, kar ki ce ai da sauran sati shida. Allurar da ake nema ita ce mai haɗe da kariya daga cuta uku, a kati za ki ga an rubuta FVRCP ko RCP, biyu na murar maguna ne, ta ukun kuma wata muguwar cuta ce mai sa amai da gudawa wadda ƙwayarta ke iya zama a wuri har shekara guda ba ta mutu ba, sai kuma wata allurar daban ta ciwon haukan kare, wanda maguna ma suna ɗauka. In bai taɓa yi ba, yawanci allura biyu ce da tazarar sati 3 zuwa 4, sannan wurare da yawa suna so a samu kamar sati biyu bayan ta ƙarshe kafin a kawo dabba, ki lissafa ki gani, sati shidan naki cif-cif ya tafi. A wannan zuwan ki sa likita ya auna nauyinsa a rubuta, ya ba shi maganin ƙuma da na tsutsar ciki, ki kuma gaya mai tafiyar da za ki yi dan in akwai abin da ya gani a jikinsa ya faɗa tun da wuri. In ba a dandaƙe shi ba ki faɗa wa masu wurin, wasu ba sa karɓar muzurun da ba a dandaƙe ba saboda fesa fitsari. Kuma ki rubuta musu da manyan baƙi kar a ba shi kowane magani ba da sanin likita ba, farasitamol da muke sha ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, haka maganin ƙuman karnuka mai sinadarin fametirin guba ne gare ta, a wurin da ake ajiye karnuka da maguna tare wannan kuskuren yana da sauƙin faruwa a hannun sabon ma'aikaci.

Kayan da za ki haɗa mai ba su da yawa. Abincin da ya saba ci, wanda zai ishe shi har da ƙari, ki rubuta adadin da kike ba shi da lokutan, dan canza abinci farat ɗaya gudawa yake sawa ko ya ƙi ci gaba ɗaya, kuma kar a ce za a rage mai ƙiba a can, wannan aikin gida ne in kun dawo. Irin yashin da ya saba da shi in za su yarda. Sai shimfiɗarsa yadda take, kar ki wanke, da wata tsohuwar rigarki da kika sa, warin gida shi ne abin da zai riƙe a ranakun farko. Akwatin ɗaukarsa ki fito da shi tun yanzu ki ajiye a buɗe a falo da ɗan abinci a ciki ya dinga shiga da kansa, ranar tafiya ba sai an yi kokawa ba, kuma ki ce a bar mai shi a ɗakinsa na can ya zama maɓoyarsa.

In an gama allurar da sauran lokaci ki kai shi ya kwana biyu na gwaji. Ba lallai ya ci sosai a daren farko ba, wannan an saba gani, abin da kike gwadawa masu wurin ne, za su gaya miki gaskiya cewa bai ci ba ya ɓuya, ko kuwa lafiya lau kawai za ki ji. Wanda ya ce miki jiya bai fito ba sai da dare ya ɗan lasa, yau da safe ya yi fitsari sau ɗaya, wannan ya kalle shi.

Ba zan ɓoye miki ba akwai hanya ta uku, kuma ga matsoraci irin naki wani lokacin ta fi duka, a bar shi a gidansa wani amintacce ya dinga zuwa safe da yamma. Mage da wurin zamanta take shaƙuwa sosai, in tana ɗakinta da warinta rashin ki ba zai girgiza ta kamar sauya waje ba. Sai dai wata guda ba wasa ba ne, mai zuwan nan dole ya zama wanda ba zai tsallake rana ba, wanda zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado ya tabbatar ya gan shi da ido, ya duba yashi, ya san alamun nan biyu da na faɗa miki kuma yana da halin kai shi asibiti a daren. In kina da irin wannan mutumin, shi nake zaɓa miki. In kuwa wanda za ki roƙa ne ya karɓa dan kunya, sati na farko ya zo kullum na biyu ya fara aiko yaro, gara wurin matar nan sau goma.

Ranar kai shi ki je da safe dan su samu yini guda suna kallonsa kafin dare, ki ajiye shi ki yi sallama a taƙaice. Ki ce a dinga turo miki ɗan bidiyo ta WhatsApp duk bayan kwana biyu ko uku, bidiyo ya fi hoto dan za ki ga tafiyarsa da numfashinsa. In kin dawo ki karɓi takardar bayanan ki duba, a gida ki sake shi a ɗaki ɗaya tukuna, zai iya ɓuya ko ya share ki na kwana ɗaya biyu ko kuma ya manne miki yana ta kuka, duk daidai ne. Ko atishawa kika ji kar ki yi saurin ɗora wa masu wurin laifi, maguna da yawa suna ɗauke da ɗaya daga ƙwayoyin murar nan a kwance a jikinsu tun suna ƙanana, damuwa ce ke tayar da ita. Amma in ya ƙi abinci yini guda cur, ko ido ya kumbura majina ta yi kauri, a kai shi likita, in kuma kika gan shi yana yunƙurin fitsari ba ya fita to ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti a lokacin. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.